Kafin ka sayi keken tsere na hannu don zuwa aiki



Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin magidanta da yawa ya rikice. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu. Ma'aikacin da ke zaune a bayan gari yana aiki a tsakiyar Abuja, ko mazaunin Agege da ke nema a Ikeja, ya san rabon da direban bas ke ɗauka a albashinsa kafin a zo maganar cefane. Shi ya sa wasu suka fara waiwayar keke, ni ma ina cikinsu. Sai dai ni na shiga da ƙafar hagu, kuma kuskuren da na yi shi nake so in raba ku da shi a wannan makon.

Dalili biyu suka kai ni. Na farko aljihu. Na biyu likita, wanda ya auna jinina ya dubi tumbina ya ce in nemi hanyar motsa jiki. Daga gidana a Gwarinpa zuwa wurin aiki a Wuse bai wuce kilomita goma da 'yan kai ba, sai na ga ai jifa ɗaya zai kashe tsuntsu biyu. Da na gaya wa uwargida, sai da ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Malam, da girmanka? Maƙwabta su ce karayar arziki ta same mu?" Na ce mata gara su faɗi haka da su zo dubiya asibiti. Ba ta sake magana ba, amma na ga alamar ba ta gamsu ba.

A fannin lafiya dai ina da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Matsakaici shi ne wanda numfashinka zai ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Wanda ke tuƙa keke minti 35 zuwa, minti 35 dawowa, kwana uku kacal a mako, ya samu minti 210 ba tare da ya biya kuɗin gidan motsa jiki ba. A 2017 masana a Jami'ar Glasgow sun wallafa wani bincike da ya bi mutum sama da 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara biyar, suka ga masu zuwa aiki a keke haɗarin mutuwarsu a tsawon wannan lokaci ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko jirgin ƙasa. Ciwon zuciya da kansa ma sun ragu a cikinsu. Amma a riƙa tunawa, a kan titunan Birtaniya aka yi wannan bincike. Mu a nan, masu shekaru za su tuna marigayi Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kira ga 'yan Najeriya su rungumi keke, har wata bas ta banke shi ya faɗa kwalbati a Abuja a 2001. Idan minista bai tsira ba, ni da kai sai mu buɗe ido.

To, ga yadda na yi nawa cinikin. Na je wurin masu sayar da kekunan gwanjo, waɗanda ake cewa 'yan Beljiyam, na tarar da su jere kamar tumakin layya. Akwai masu kaurin taya na hawan dutse, akwai na yara, sai can gefe na hango wani ja siriri, kansa lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa kamar yatsa. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, ba nauyi. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan na Turawa ne masu tsere, in ka taka sau ɗaya sai ka ga ka isa." Na latsa birki, ya kama. Na juya feda, taya ta juya. Na biya. Ko hawa ban yi ba, don na ji kunyar in hau keke a gaban yaran kasuwa da doguwar riga.

Mako guda bai cika ba wuyana ya sage, ƙuguna ya riƙe, ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka fara dindiris. Da na kai keken wurin wani dattijo mai gyara, kallo ɗaya ya yi mana ni da shi ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba naka ba ne, na dogon mutum ne." Ashe keken tsere kamar takalmi yake, yana da lamba. Ana auna shi da santimita, kuma sau da yawa lambar na rubuce a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Mai tsayin mita 1.70 irina yakan dace da 52 zuwa 54. Ni 58 na saya. Kullum ina miƙe kamar mai ɗauko abu a bayan gado, nauyina duk a kan tafin hannu, inda jijiyar da ke zuwa waɗannan yatsu biyu ta ratsa.

Saboda haka kafin ka duba komai, duba ko keken naka ne. Tsaya da shi a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa duka a ƙasa. Ya kamata a samu rata kamar yatsu biyu tsakaninka da sandar sama. Hau ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkace ba. Nan ne tsayin sirdinka, domin idan ka mayar da gaban ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, yadda ake so. Yawancin masu kukan ciwon gaban gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa. Sannan kama birki kana zaune, gwiwar hannunka ta kasance a ɗan sake. In sai ka miƙe tsawonka kafin ka kai, bar shi, komai arhar sa. Sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi, amma firam ɗin da ya yi maka yawa ba ya raguwa. Kuma ka ce mai kaya ya kwance sirdin ya motsa a gabanka. Kekunan da suka daɗe a ajiye a ƙasashen sanyi, sandar sirdinsu kan kafe a ciki, wani lokaci ko guduma ba ta fitar da ita.

Daga nan sai firam, wato ƙashin keken. Komai na jikin keke ana iya sauyawa da kuɗi kaɗan ko mai yawa, amma idan firam ya lalace keke ya mutu. Nemi tsumma ka goge shi, ka fito da shi rana. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa feda, dab da wuyan. Shafa da yatsa. Idan ka ji kumburi ko tattara, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa karo da wani abu da ka. Dubi ƙafafun gaba masu riƙe taya daga gefe, in sun koma baya, labarin ɗaya ne. Bi duk mahaɗar walda da ido kana neman tsaga siririya kamar gashi. Ka yi zargin sabon fenti a wuri guda, ka yi zargin sitika da aka manna a inda ba a saba mannawa ba.

Da me aka yi firam ɗin ma abin tambaya ne, kuma ƙaramin maganaɗisu zai ba ka rabin amsa, domin ƙarfe kawai yake kamawa. Na ƙarfe ya fi nauyi, yana tsatsa, amma yana da haƙuri, yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma gwanin walda zai iya ceto shi. Na alminiyam ba nauyi, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai in ya tsage ka haƙura da shi. Waldar bakin titi tana raunana wurin ne, zai sake buɗewa ba sallama. Na ukun shi ne kabon, baƙin nan mai sheƙi wanda ya fi kowanne tsada da rashin nauyi. Shawarata ga mai zuwa aiki, kada ya sayi kabon na hannu. Yana iya tsagewa ta ciki waje na ƙyalli, ido ba ya gani, kuma ranar da zai karye a take yake karyewa. Keken da ya sha matsi a cikin kwantena tare da firji da injin wanki, wa ya san abin da ya danne shi? Wannan cinikin biri a sama ne, kuma abin da ka sa a ciki haƙoranka ne da ƙashin wuyanka.

Sauran dubawar ba ta cin minti goma. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris sun saki ko sun ci. Kama ƙarfen feda ka girgiza shi gefe da gefe, bai kamata ya yi wasa ba. Ɗaga kowace taya ka juya ta kana kallon ratar da ke tsakanin rim da robar birki. Ɗan kaɗawa kaɗan mai gyara zai daidaita, amma rim ɗin da ya yi kwari a inda birki ke gogawa ya ƙare. Sarƙa kuma, je da tef ɗin tela. A sabuwar sarƙa, rabin inci ne tsakanin kowace ƙusa da ta gaba, saboda haka inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar ƙusa. In ya zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙar ta miƙe, kuma galibi ta riga ta cinye haƙoran giyar baya, sai an sauya su tare. Sannan ka hau. Ni da na ji kunya na gaya muku abin da ta jawo mini. Sauya kowace giya, taka da ƙarfi ka ji ko sarƙa na tsalle. Waɗancan hannayen da suka haɗa birki da giya wuri guda suna da daɗin aiki, amma in ɗaya ya lalace kuɗinsa na iya kusantar rabin kuɗin keken, samun sa ma aiki ne. Tsofaffin kekuna masu 'yan sandunan giya a jikin bututu ba su da kwalliya, amma kowane mai gyara ya san kansu.

Yanzu bari mu zo kan taya, inda na sha wahala ta biyu. Wata safiya na taka ramin da ruwa ya rufe, kafin in ankara tayar baya ta kwanta. Na tura keken zuwa wurin mai faci cikin kwanciyar hankali. Ya yi facin, ya ɗauko bakin famfonsa, sai ya tsaya yana jujjuya bawul ɗin. Ya ce, "Oga, wannan ba ya shiga." Kekunan tsere yawanci suna da siririn bawul mai 'yar ƙusa a kai, ana ce masa Presta, ba irin na mota da babur ba. Mai faci uku na zaga a ranar, na isa ofis bayan ƙarfe goma, jiƙe da gumi, ina tura abin da na saya don ya ɗauke ni. Maganin ashe wani ɗan ƙarfe ne da bai kai kan yatsa ba, ana murɗa shi a kan bawul ɗin ya karɓi famfon mota. Ka saye shi ranar da ka sayi keken, tare da ƙaramin famfo da tib guda na ajiya.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tayar milimita 23 ko 25 an yi ta ne don kwalta mai santsi, tana son iska mai yawa, kuma takan sace cikin 'yan kwanaki ko ba huda, sai an riƙa ƙara mata. In iska ta yi ƙasa ka daki bakin rami, rim zai tsinke tib ɗin wuri biyu. Yashin da ke taruwa a gefen titi yana kwashe ta, kuma murfin kwalbati mai tsaga a tsaye yana iya haɗiye ta ya jefa ka ta kai. Don haka dubi ratar da ke tsakanin taya da firam. In keken zai karɓi milimita 28, ko ma 32, ya fi maka alheri, jikinka ma zai huta da jijjiga. Karanta lambar da ke gefen tayar. Wadda ta ƙare da 622 ita ce ta zamani, ana samun ta a manyan garuruwa. Wasu tsofaffin kekuna na ɗauke da 630, wadda ake cewa inci 27, kuma ba sa musanya da juna. Tayar Raleigh irin ta iyayenmu 635 ce, ita ma ba ta shiga. Akwai kuma wata taya da ake manna wa rim da gam, tib ɗinta a ɗinke a ciki. In ka gan ta, yi gaba.

Wani abin da ba a gaya wa mai saye shi ne keken tsere tsirara yake zuwa. Ba kariya, ba madigadi, ba murfin sarƙa, ba fitila, ba ƙararrawa, ba ma abin jingine shi. Dubi kusa da inda tayar baya ta ɗaure, ka ga ko akwai 'yan ramukan noti da za a ɗaura kariya da madigadi. In babu, jakarka a bayanka za ta zauna, rigarka ta jiƙe, da damina kuma taya ta zana maka layin taɓo daga ƙugu zuwa ƙeya. Ƙafar wandon dama sai an ɗaure ta da roba, in ba haka ba sarƙa ta ci shadda. Ni kaftanina a jaka yake tafiya, sai na isa in goge jiki in sauya. Wasu kekunan na zuwa da ƙananan feda da ake maƙala wa takalmi na musamman, a cire su a sa na gargajiya. Duk waɗannan kuɗi ne, saboda haka in kana da Naira biyar kada ka sayi keken biyar. Sayi na huɗu, ka bar ɗaya don taya da robar birki da fitila.

Hular kwano kuwa sabuwa za ka saya. Abin da ke cikinta yana kare kai ne ta hanyar murƙushewa sau ɗaya, kuma wadda ta taɓa faɗuwa da wani tana iya zama lafiya a ido alhali ta gama aikinta. Bincike ya nuna tana rage raunin kai da kusan rabi. Ka kuma tambayi rasit mai ɗauke da lambar firam, wadda galibi ke ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Keken da aka kankare lambarsa, ko wanda wani yaro ya kawo maka da magariba a rabin kuɗi, kada ka taɓa. Sayen kayan sata laifi ne a doka, kafin a je ga hakkin mai shi.

Akwai waɗanda ya kamata su ga likita kafin su ga mai keke. Wanda ke jin nauyi ko ciwo a ƙirji in ya hau bene, ko numfashinsa ke sarƙewa, ko jiri ke ɗibarsa, kada ya fara. Mai hawan jini da awonsa ke kaiwa 180 bisa 110 ya bari sai an saukar da shi. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan wasu magungunan da ke saukar da sukari sosai, ya tambayi likitansa yadda zai daidaita, kuma kada ya fita ba dabino ko alewa a aljihu. Mai asma ya kula da ƙurar hunturu. Sai wata magana da maza ke jin nauyin tambaya: idan gabanka na yin dindiris bayan tuƙi, sirdin ne ke danne jijiyoyi da hanyoyin jini na wurin. A daidaita shi ya kwanta sosai kada hancinsa ya ɗaga, a riƙa miƙewa kan feda lokaci zuwa lokaci, ko a sauya sirdi mai tsaga a tsakiya. In abin ya wuce kwana ɗaya ko biyu bai sake ba, a je asibiti, kada a yi shiru.

Kada kuma ka fara ranar Litinin. Gwada hanyar ranar Lahadi da safe, titi ba cunkoso, ka ga ina tudu yake, ina rami, ina za ka kauce wa babban titi ko da zagaye ne. Manyan hanyoyi irin na Kubwa ko gangaren Kugbo a hanyar Nyanya, inda motoci ke gudu kamar an koro su, ba wurin koyo ba ne, ni ko yanzu ba na hawan su. Bi hannun da motoci ke bi, kada ka tare su gaba da gaba. Kada ka shiga tsakanin tirela da gefen titi a kusa da kwana, direban ba ya ganinka. Bar rata tsakaninka da motocin da ke tsaye, ƙofa na iya buɗewa. A watannin Maris da Afrilu ka fita kafin rana ta ɗaga, da gorar ruwa. Sannan keken tsere ba na goyo ba ne. Duk kukan da yaro zai yi, kada a ɗora shi a kan sanda a ce za a sauke shi makaranta.

Shin bayan duk wannan ina cewa kada a saya? A'a. Idan hanyarka kwalta ce mai kyau kuma ta haura kilomita goma, keken tsere da ya dace da jikinka zai rage maka lokaci da gajiya fiye da mai kaurin taya. Idan kuwa unguwarku rabi kwalta rabi jar ƙasa ce, ko bayanka da wuyanka ba sa son sunkuyo, nemi mai miƙaƙƙen kai da matsakaiciyar taya, wanda ake zama a kansa kusan a miƙe. Mata masu sha'awa ma irin wannan, mai buɗaɗɗen firam ba sandar sama, shi ya fi dacewa da suturarsu.

Ni dai jan nan na sayar da shi ga wani dogon matashi, da asara, bayan na nuna masa duk abin da na sani game da shi. Na koma kasuwa tare da dattijon nan mai gyara, na biya shi ladan rakiya, ya zaɓa mini wani tsohon na ƙarfe mai lamba 53, fentinsa duk ya koɗe, muka sa masa taya 28 da kariya. Kwana uku a mako nake hawansa, sauran biyun in bi mota. Yatsuna sun sake, likita kuma ya ce awon jinin ya fara sauka, amma in ci gaba da shan magani. Uwargida har yanzu ba ta ce na yi daidai ba, sai dai ita ce ke tuna mini in ɗauki hular kwano, kuma ran nan na ji tana ce wa maƙwabciyarmu likita ne ya sa ni.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba kekunan yara: shekarun da ya dace a fara, da inda ya kamata a bar su su hau.